Maganar Malam a Gaban Malam

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru a babban zauren jami'a ranar Alhamis ba. Waɗanda suka gani sun gani. Gajiya ce ta kama Malam, shi ke nan. Mutum ya haura saba'in, a tsayar da shi gaban fitilu masu zafi da lasifika mai ƙara, a ce ya yi jawabi a kan wakilcin mata a ƙananan majalisu. Ko ni da ban kai shekarunsa ba sai na ga jiri.

Yau ya zo Cibiya, wato cibiyar bincikenmu da yake shugabanta, da wuri kamar kullum, jaka a hammata, ya leƙo ofishina ya ce, "Sarkin Musu, yau da wa za a yi?" Tun ina ɗalibarsa ya laƙaba min sunan nan, kuma har gobe ina musa cewa ni mai musu ce. Na ce, "Malam, yau na shirya da kowa." Ya ce to lallai ba ni da lafiya, a kai ni asibiti. Ya yi dariyarsa ya wuce.

Ka ji mutumin da ake ta ƙus-ƙus a kansa. Lafiyarsa ƙalau.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Kashi ya shigo ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Shi ne mai haɗa mana alƙaluman bincike, kuma bakinsa ne ya ja masa sunan: ko gaishe shi ka yi sai ya ce maka lafiya kashi tamanin cikin ɗari. Yau babu kashi ko ɗaya. Ya ce hukumar jami'a ta kira shi, tana so kafin ƙarshen wata Cibiya ta miƙa sunan sabon shugaba. In mun miƙa da kanmu, asirin kowa a rufe. In mun ƙi, su za su turo mana nasu.

"Mu haɗu a gidana ranar Asabar," in ji shi. "Mu shida. A yi a gama cikin mutunci."

"Mu bakwai ne," na ce.

"Kin san abin da nake nufi."

"Na sani, shi ya sa na gyara maka. Abin kunya, mai lissafi guda."

Bai ko murmusa ba. Ya ce ai sunan da za a kai ma kowa ya san shi. Ban tambaye shi sunan wa ba. Na ce ina da aji, na fice na bar shi a ofishina. Ba ni da aji ranar Talata.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na ci abincina ni kaɗai a ɗakin taro, a kan dogon tebur. Baƙi ba sa ganewa sai an nuna musu, amma ƙofofi ne guda biyu na tsohon ɗakin karatu kafinta ya haɗe mana, lokacin da Cibiya ba ta mallaki komai ba sai suna da Malam. Ramin makulli na nan a daidai wurin zamana. Ni na cika shi da ɓawon gyaɗa shekara da shekaru.

A kan teburin nan ya kafa mana dokokinsa biyu. Bincikenmu na farko ne, muka je kallon zaman wata majalisar kasuwa. Aka wuni ana muhawara a kan inda za a mayar da mata masu sayar da ganye, su kuwa matan suna waje, sun jeru a gindin taga suna saurare kamar masu jiran gawa. Babu wanda ya ce wa ko ɗaya ta shigo. Da muka dawo Malam ya buga teburin nan har kofuna suka yi tsalle. Ya ce a nan dai, ba za a yanke maganar mutum ba sai yana zaune. Kuma in za a yi magana, ƙarami ke farawa, shugaba ya rufe, don kada yara su ji ta bakin manya su kama amin. Kowa sai ya ce wani abu, har direba, har Uwar Ofis sakatariyarmu, wadda a lokacin ko ɗaga ido ba ta iya yi a gabansa.

Mun sha wahalar dokokin nan, wallahi. Mun taɓa kwashe rabin yini a kan launin labule, har sauran sassan jami'a suka sa mana Majalisar Ɗinkin Labule. Amma duk muƙalar da na rubuta a rayuwata, in ka kakkaɓe manyan kalmomin, maganar matan nan ce a gindin taga.

Wai a gidan Kashi. Allah ya kyauta.

Alhamis, 6 ga wata, da safe

Lafiyarsa ƙalau. Ya gyara min kuskure biyu a shafin farko na rahoto, duka biyun kuma shi ke da gaskiya.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ban je ba. Na ji ma ba a yi ba, Uwar Ofis ta ce ita ƙafarta ke ciwo.

Na sauko da kwalin kaset-kaset na zamanin fita ƙauyuka, na zauna a tsakar ɗaki da tsohuwar rikoda. Baban yara ya tsallake ni sau biyu, a na uku ya ce, "Madam Dimokuraɗiyya, mu talakawan gidan nan za a ba mu abinci, ko sai an kaɗa ƙuri'a?" Na ce ya kai kokensa a rubuce.

Na sa wani kaset da ban duba bayansa ba, sai ga muryata, siririya, mai rawar kai. Ina tambayar wata tsohuwa ko ta san kansilan da ke wakiltarta, ba ta buɗe baki ba na ƙara wata tambayar, na ƙara wata. Sai muryar Malam daga gefe, a hankali: "Sarkin Musu, kin yi tambaya, to rufe bakinki." Daga nan shiru. Ana jin kaji, ana jin wani yana faskare can nesa. Na tuna yadda shirun nan ya dinga cizona, ina ji kamar in nutse. Can sai tsohuwar ta ce, "Na san shi mana, ni na yi wa uwarsa wankan jegonsa. Shi ne dai bai san ni ba." Ta yi magana har kaset ya ƙare.

Motarmu ta lokacin sai an tura take tashi, kuma Malam kullum shi ne a sahun gaba wajen turi, riga a naɗe, yana ba mu lacca yana haki. Mu kwana a ajin makaranta a kan benci, mu sha shayi a kofi ɗaya. Ban san ina jin daɗi ba a lokacin, mita kawai nake yi. Yau ina kewar har sauron.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Malam ya ce in gaya wa Direba ya duba taya da mai, gobe da sassafe za mu fita.

Malam ne ya yi jawabi a gidan makoki ranar da aka binne Direba. Ni na riƙe masa tabarau.

Na ce, "To, Malam."

Talata, 11 ga wata, ƙarfe uku na rana

Gajiya ce.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Babbar 'yarsa, wadda ke kawo shi a mota kullum, yau ba ta juya ba. Ta jira ya shige, ta kira ni da hannu, muka zauna a cikin motar da gilashi a rufe. Yarinyar da na goya a bikin yaye mu, yanzu ga furfura a gaban goshinta.

"Yaya, na san abin da ake ciki," in ji ta. "Ku yi abinku, don Allah, amma kada ku gaya masa. Ku bar masa ofishinsa da kujerarsa. A kai masa takardun da ba su da amfani ya sa hannu. Mu a gida haka muke yi."

"Mu yaudare shi ke nan."

"Ki kira shi yadda kika ga dama. Ke da safe kike ganinsa, lokacin da yake garau. Ni nake tare da shi in rana ta karkata. Tun asuba yake sa kaya ya zauna a falo da jakarsa a cinya yana jiran in tashi. In kuka raba shi da wurin nan, Yaya, ban san me zan ce masa da safe ba."

Na ce mata ubanta ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yaƙi da masu yanke wa mutane hukunci don tausayinsu. Na ce ba a taɓa hana kowa kujera ba sai an ce don amfaninsa ne. Na yi magana mai kyau, mai tsari, irin wadda ake tafa min a taro. Ta dube ni kawai ta ce, "Ai shi ya sa yake ce miki Sarkin Musu." Ta tayar da mota.

Raina ya ɓaci, kuma ba da ita nake fushi ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

To bari in rubuta abin da ya faru a zauren nan, ko na huta. Ya karanta shafin farko, ya yi kyau, har aka tafa. Ya ɗago ya yi murmushi, ya gyara tabarau, ya sake karanta shafin farko. Mutane suka dubi juna. Da ya kama shi a karo na uku, ni na hau dandamali na karɓi takardar na ce lokaci ya ƙure. Ya raɗa min, "Ai ban fara ba." A gaban baƙi, a gaban shugabannin jami'a, a gaban ɗalibai masu ɗaga waya.

Na rubuta. Ban huta ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na kayar da su. Kashi ya ce zalunci ne, Uwar Ofis ta yi ta share ido da bakin mayafi, sauran suka sunkuyar da kai. Na ce in har muka yi shi a bayan idonsa, to mu kwashe littattafanmu daga kanta mu kai wa masu ƙunshin kaya a kasuwa, don ƙarya muka rubuta. Za a zauna ranar Laraba, a dogon tebur, mu bakwai.

Ni aka bar wa rubuta sanarwa. Na rubuta "Makomar shugabancin Cibiya." Na ajiye wa Malam a tebur, ya karanta ya ce madalla, an daɗe ba a zauna ba.

Na yi nasara, amma ko murna ban yi ba.

Lahadi, 16 ga wata, da rana

Baban yara ya ce, "Ke don shi kike yi, ko don ki iya kallon kanki a madubi in kin hau kujerar?" Na ce wace kujera. Ya ce shi bai ce komai ba, ya ɗauki jaridarsa.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Malam ya kawo min lemo guda biyu a aljihu, kamar yadda yake yi a da in zan shiga jarrabawa. Bai faɗi dalili ba. Ina jin shi ma bai sani ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ya riga kowa shiga. Ya sa babbar rigarsa mai ruwan toka, ya jera biro biyu da farar takarda a gabansa, ya buɗe taro da muryarsa ta da. Ya nuna ƙaramar cikinmu, wadda bana aka ɗauke ta aiki, ya ce, "Bismillah, ke ce farko."

Yarinya ta miƙe tana rawar murya. Ta ce ita a ganinta, idan shugaba ya daɗe yana hidima, kuma jiki ya fara gajiya, ya kamata a sauƙaƙa masa. Ba ta kalle shi ba. Wa zai iya? Mai biye da ita ya ɗauki salon, ya ce mutum irin wannan ya cancanci hutu. Uwar Ofis ta ce bawan Allahn ya yi wa kowa alheri, sai kuka ya ci ƙarfinta. Kashi ya yi bayanin hukuma da wa'adinta, yana ta cewa "wanda abin ya shafa." Haka aka zagayo. Mutum shida, masu digiri da marasa shi, kunya ta ɗaure mana harshe, babu wanda ya ce "kai." Ni ma da aka zo kaina, ni Sarkin Musu, cewa na yi, "Dattijon ya gina abin da ba zai rushe ba."

Shi kuwa yana ta rubutu, yana gyaɗa kai, yadda yake yi in ana kawo masa rahoto daga ƙauye. Da muka gama ya ajiye biro, ya haɗa yatsu.

"Na ji kowa," in ji shi. "Ga alama mutumin kirki ne, kuma ga alama lokacinsa ya yi. Ba abin kunya ba ne. Kujera ba gadon gidansu ba ce. Amma abu ɗaya ya dame ni." Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Yana ina? An tambaye shi?"

Kashi ya dube ni, kuma ba kallon na-gaya-miki ba ne, roƙo ne. Da na ce, "Za a tambaye shi, Malam," da an tashi lafiya, da 'yarsa ta samu abin da ta roƙa. Kalmomin suna bakina.

Na ce, "Malam, kai ne."

Ya ce, "Na'am?"

"Maganarka muke yi. Kai ne mutumin."

Ya dubi takardar da ya cika da rubutu, ya daɗe yana kallonta. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. Ban taɓa ƙin kaina irin na lokacin nan ba.

"Ashe," ya ce. Can kuma, "Abin ya kai haka?"

"Ya kai, Malam."

"Zauren nan ne ko? Na san wani abu ya faru a zauren nan. Kowa ya dinga yi min kirki daga ranar." Ya ɗan yi dariya. "To ai ga ni zaune. Ku tambaye ni mana."

Duk suka juyo gare ni. Na ce, "Malam, me kake so?" Sai na rufe bakina.

Shirun ya yi tsawo. Ƙaramar ta motsa za ta yi magana, na dafe mata hannu. Wata mota ta wuce a waje, wani ya yi dariya a baranda. Na zaci zai yi maganar Cibiya, ko littafin da bai gama ba, ko wanda zai gaje shi.

"Ina so in dinga zuwa da safe," ya ce. "Shi ke nan. Sa hannu da taron hukuma, ku ɗauka, dama ban taɓa son su ba. Amma gida da safe shiru ya yi yawa tun da uwar yaran nan ta tafi. In na zo nan ina jin muryoyinku, sai in san inda nake."

Aka kaɗa ƙuri'a a kan abu biyun tare, ya sauka, kuma ya dinga zuwa. Hannu bakwai. Nasa ya riga nawa tashi, har ya harare ni ya ce, "Ke kuma me kike jira, musu?"

Alhamis, 20 ga wata, da rana

An kai sunana. Ba na son maganar.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

'Yarsa ta kira. Ta ce ranar Laraba bai ci abinci ba, ya zauna a bakin gado da rigarsa har ta lallashe shi ya cire. Jiya kuma ya tashi garas, yana waƙa a banɗaki. Ta ce, "Yaya, ban sani ba ko in gode miki ko in zage ki." Na ce ta yi duka biyun, na cancanta. Muka yi dariya, sannan kowacce ta kama jan hanci a waya.

Kashi ya ajiye min shayi a tebur. Na tambaye shi lafiya, ya ce kashi hamsin.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ya zo da wuri, jaka a hammata. Ya leƙo ofishina ya yi tambayarsa ta kullum, na ba shi amsa. Har ya juya sai ya dawo, ya shigo, ya sassauta murya kamar mai gulma.

"Af, dattijon nan da muka yi zama a kansa. Yana cikin raina tun rannan. Me aka yanke?"

Na ajiye biro. "An sauƙaƙa masa, Malam. Ya sauka."

"Madalla. Amma an tambaye shi dai ko?"

"An tambaye shi."

"Ke da kanki?"

"Ni da kaina."

"Kika bar shi ya gama magana?"

"Na bar shi, Malam."

"To me ya ce yana so?"

"Ya ce yana so ya dinga zuwa da safe."

Ya tsaya yana nazari, kamar yana auna ko buƙatar ta yi yawa. Sannan ya gyara jakarsa.

"Allah sarki," ya ce. "Ku bar shi ya zo."